Shekara 13 ba labarin Yayanmu, ga gado yana jira: takardun kotu za su iya kai mu gare shi?

Abban Ummi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Mahaifinmu ya rasu bara bayan ƙaramar sallah, ya bar gida a Gangare, cikin Jos. Mu bakwai ne, maza uku mata huɗu, sai Innarmu. Babbanmu, wanda uwarsa daban, rabonmu da shi tun 2012. Direba ne, yana jan Vectra tsakanin Jos da Abuja. Wata rana ya fita, shi ke nan. Lambarsa ta daina shiga, matarsa ta koma gidansu da yara biyu. Yanzu 'yan'uwanmu mata sun matsa a raba, mai saye ma ya fito, amma malamin da muka kira ya ce ba zai taɓa alƙalami ba sai an san matsayin Yaya. Abin da na tuna, kafin ya tafi ya taɓa yin shari'a da wani a kan mota. Ina yaro lokacin, ban san kotun ba. Shin akwai yadda za a bi ta takardun kotu a gano inda mutum yake? Sunansa ba zan rubuta a nan ba, ku yi haƙuri.

Shugaban Zaure: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Ka kyauta da ka ɓoye sunan. Kada kowa ya tambaye shi suna ko hoto a fili, mu sama da ɗari biyu ne a nan.

Ɗan Terminus: Allah ya gafarta masa. Amma gaskiya ɗan'uwa, takardar 2011 a kotun ƙasar nan? In gara ba ta ci ba, ruwan sama ya ci. Ka ba da cigiya a rediyo kawai ka huta.

Mai Waya: Yallaɓai ka turo min tsohuwar lambarsa ta bayan fage. Ina da yaro da yake ciro bayanan NIN da na layi, dubu goma sha biyar, kafin magariba ka ga adireshi har da hoto.

Barista Ta Rikkos: Mai Waya, don Allah ka goge wannan. Abin da yaron naka yake yi laifi ne, tun ma kafin dokar kare bayanan jama'a ta 2023, balle yanzu da aka kafa mata hukuma. Bayanan NIMC, hukumar da ke ba da NIN, da na kamfanonin waya ba takardun jama'a ba ne da kowa zai je ya duba, hukumar tsaro ce ko umarnin kotu ke buɗe su. Kuma layin da ya shekara goma sha uku a kashe, kamfani ya daɗe da sayar wa wani. Za a karɓi kuɗin bawan Allah a ba shi adireshin wata mai sayar da awara a Gombe.

Mai Waya: Barista ai taimako na ce zan yi.

Barista Ta Rikkos: Na sani, shi ya sa ban ce maka komai ba sai gogewa.

Baba Rijistara: Salamu alaikum. Jikana ne ya nuna min wannan magana. Na yi shekara talatin da biyu a aikin kotu kafin na yi ritaya, daga mai ɗinke fayil har na zama rijistara, don haka bari in ce wani abu.

Ɗan Terminus, rabin maganarka gaskiya ce. Fayil yana lalacewa, na ga wanda ɓera ya yi sheƙa a ciki. Amma abu biyu ne a kotu, akwai fayil akwai rajista. Rajista babban littafi ne mai baƙin bango, kowace shekara da nata, a ciki ake rubuta lambar ƙara, ranar da aka shigar, sunan mai ƙara, sunan wanda ake ƙara, abin da ake nema, da yadda aka ƙare. Shi ba kasafai yake ɓata ba, domin a ofishin rijistara yake zama, ba a sito ba. Bayan shi akwai littafin da alƙali yake rubuta zaman kotu da hannunsa. Ko fayil ya salwanta, waɗannan biyun sukan tsira.

Ɗana Abban Ummi, kada ka je ka ce "ina neman yayana". Kotu ba ta ajiye mutane da suna, da lamba take ajiye ƙara. Abin da za ka fara nema uku ne: wace kotu, wace shekara, wa ya kai shi. Ka tambayi Innarka, ka tambayi matarsa. Ka buɗe akwatin mahaifinku, tsofaffi ba sa yar da sammaci.

Abban Ummi: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. To in an samu fayil ɗin, adireshin da ke ciki ai na gidanmu ne. Me zai ƙara min?

Baba Rijistara: Yawwa, ka yi tambayar. Adireshinsa ba zai amfane ka ba. Mutanen da ke kewaye da shi a takardar su ne abin nema. In ƙarar ta bashi ce zalla, za ka ga shaidu. In kuma an mai da ita ta cin amana, wanda a rigimar mai mota da direba haka aka fi yi, to an ba da shi beli, kuma takardar beli tana ɗauke da sunan wanda ya tsaya masa, sana'arsa, inda yake zaune, sau da yawa har da ɗan hotonsa an manna. Wanda ya yarda ya sa wuyansa saboda mutum a ranar da kowa ya gudu, da wuya a ce bai san inda ya nufa ba.

Direban Bauchi Road: Wallahi Baba ya faɗi gaskiya. Kuma ka haɗa da ofishin ƙungiyarmu ta NURTW a tashar da yake lodi. Kowane layi yana da littafin bi da bi, kuma tsofaffin 'yan kamasho ba sa manta direba, musamman wanda ya taɓa rigima da mai mota. Sai dai ka je da laƙabinsa. A tasha ba wanda ya san sunan yanka.

Malam Na Layin Masallaci: Allah ya jiƙan mahaifinku. Malamin da ya ƙi raba muku ya yi daidai ta wata fuska, amma ba dole ne kowa ya zauna jira ba. Wanda ya ɓata ba a san rayuwarsa ko mutuwarsa ba, mafƙudi ake ce masa a fiƙihu. A Risala an ce matarsa in ta kai ƙara ana yanka mata shekara huɗu bayan an gama bincike, sannan ta yi takaba. Dukiyarsa kuwa ba a gadonta sai ya kai shekarun da irinsa ba ya wuce su a raye, wanda mafi shahara a mazhabarmu saba'in ne.

Ku naku ya bambanta kaɗan, shi ne magaji, ba wanda za a gada ba. Yadda ake yi, a yi lissafi sau biyu. In yana raye ranar da Baba ya rasu, kuma iyayen Baba ba sa raye, gidan kashi 80 ne: Inna tumuni, wato 10, kowane namiji 14, kowace mace 7. In kuwa ya riga Baba rasuwa, gidan kashi 64 ne, Inna 8, namiji 14, mace 7. Sai a ba kowa mafi ƙarancin abin da zai samu, a ajiye 14 cikin 80 ɗin nan a hannun amintacce ko a kotu har gaskiya ta bayyana.

Gwaggon Yara: Malam to 'ya'yansa biyu fa? Su ba su da komai?

Malam Na Layin Masallaci: Nan ne gizo ke saƙar, Hajiya. In ya rasu bayan mahaifinsa, rabonsa ya zama na 'ya'yansa da sauran magadansa. In ya riga shi, baffanninsu sun katange su, sai dai kyauta ko wasiyya in an yi. Kin ga ba sanin ya mutu ko yana raye kaɗai ake nema ba, har da ranar.

Ɗan Terminus: Ni na ji an ce a doka in mutum ya shekara bakwai ba a ji ɗuriyarsa ba an ɗauka ya mutu. Wannan ya yi goma sha uku. Me ake jira?

Barista Ta Rikkos: Ka ji daidai amma ka ji rabi. Sashe na 164 na Dokar Shaida ta 2011 ne: wanda ya shekara bakwai waɗanda ya kamata su ji daga gare shi ba su ji ba, ana ƙaddara ya mutu. Amma sashen da kansa ya ce ba a ƙaddara lokacin da ya mutu, mai da'awar lokaci shi zai kawo hujja. Ka ga matsalar da Malam ya nuna tana nan daram. Na biyu, sashe na 256 na dokar ya cire shari'o'in da ba na laifi ba a kotunan yanki da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a daga ƙarƙashinta, sai in an yi wani tanadi na musamman. Gadon Musulmi a Jos kotun yanki ake kai shi, alƙali kuma da fiƙihun Malikiyya zai yi aiki, in an ɗaukaka a tafi gaban su Girandi Kadi. Don haka kada a je da shekara bakwai ana buga ƙirji.

Abban Ummi, game da samun takardun: zaman kotu a bainar jama'a ake yinsa, sashe na 36 na tsarin mulki ya tanadi haka, kuma kundin shari'a yana cikin takardun hukuma. Ka rubuta takardar neman kwafi zuwa ga rijistara, ka faɗi dangantakarka da dalilinka, ka haɗa da takardar shaidar rasuwar Baba. Ka nemi kwafin da aka buga wa hatimi aka sa hannu da kwanan wata, shi ne kotu za ta karɓa daga baya. Duk abin da ka biya ka karɓi rasit.

Ɗan Terminus: Rasit! Barista kamar ba a ƙasar nan take ba.

Baba Rijistara: Kada ka yi mata dariya. Kuɗin kwafi na gwamnati ne, yana da rasit. Yaron da zai shiga sito ya sha ƙura awa biyu yana ɗaga ɗaurin fayil, in ka ba shi na ruwa don ranka ya so, wannan tsakaninku ne. Wanda ya ce sai ka ba shi kaza kafin ya tashi daga kujera, ka wuce shi ka nemi rijistara da kansa.

Maman Sadiq: Ku yi min haƙuri, ni maganar nan tun ɗazu tana ci min rai. Ana ta koya wa mutane yadda za su binciko wanda ya tafi, ba wanda ya tambaya ko shi yana so a same shi. Ƙanwata ta sha duka shekara shida a gidan miji, da kyar kotu ta raba auren, muka kai ta wani gari wajen 'yar'uwarmu. Wata huɗu ba a yi ba sai ga shi a ƙofar gidan. Ta ina ya samu? A takardar neman kuɗin ciyar da yara, inda aka rubuta adireshin da za a kai mata saƙo. Har yau in aka buga ƙofa da ƙarfi sai ta firgita. Abban Ummi ban ce kai haka kake ba, amma a cikin mutum ɗari biyu da ke karantawa akwai wanda ba gado yake nema ba.

Abban Ummi: Hajiya wallahi haƙƙinsa nake so ya isa gare shi, ba wani abu ba.

Maman Sadiq: Na yarda da kai ƙanina. Da masu karatu shiru nake.

Barista Ta Rikkos: Maganar Maman Sadiq tana kan hanya, kuma darasi ne gare mu lauyoyi. Mace irin wannan ana iya sa adireshin ofishin lauyanta a matsayin inda za a kai takarda, ko a roƙi alƙali kada a bayyana inda take. Ko dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 da mutane ke ɗauka mabuɗin kowace ƙofa ce, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta ba da amsa, ta keɓe bayanan da suka shafi rayuwar mutum ta kansa. Ba za ka rubuta wa ma'aikata ka ce a ba ka adireshin wane ba.

Baba Rijistara: Ni a zamanina in baƙo ya zo neman fayil ɗin aure ko na riƙon yara alhali ba ya cikin shari'ar, sai na kai wa alƙali ya sa hannu. Wasu suna fushi. Akwai wanda ya zo da babbar riga da turare ya ce shi wan matar ne, na ce to meye sunan kakarku, ya tsaya yana kallon silin.

Injiniya Lugbe: Daga Abuja nake bin ku. Ƙarin wuraren dubawa da ba sa bukatar sanin kowa: shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, yana da wurin bincike kyauta, in ya taɓa yi wa wata sana'a rajista za ka ga sunanta da adireshi. INEC ma tana liƙa rajistar masu zaɓe kafin babban zaɓe, a 2022 har a intanet ta sa ta, da suna da hoto da rumfa. In yana da fili a nan akwai AGIS, ofishin bayanan filaye na Abuja, a Filato kuma PLAGIS, sai dai su da lambar fili ake bincike, ba a zuwa da sunan mutum a ce a zazzage.

Direban Bauchi Road: Injiniya, direban Vectra da fili a AGIS? Ka bari mana. Irinmu in mun ce muna Abuja, Mararaba ne ko Masaka.

Injiniya Lugbe: Ka yi gaskiya, kuma wannan ma abin lura ne. Mararaba da Masaka ƙaramar hukumar Karu ce ta jihar Nasarawa. Wanda ya je neman takardarsu a kotunan birnin tarayya ya yi asarar kuɗin mota.

Ɗan Terminus: A duba ƙaramar hukuma mana, ko ya taɓa karɓar takardar ɗan asali. Au, na manta a Jos ta Arewa muke.

Shugaban Zaure: Ɗan Terminus, ka san dokar zauren nan. Ba yau ba.

Gwaggon Yara: Ba fata nake ba, amma a duba gidan yari da asibiti. Mu da muka ga 2001 da 2008 da 2010 mun san yadda mutum ke fita sayen burodi a neme shi a rasa. Ɗan maƙwabciyarmu sai bayan shekara uku aka gan shi cikin masu jiran shari'a, ba wanda ya sani.

Barista Ta Rikkos: Haka ne Gwaggo. Gidajen gyaran hali suna da littafin shiga da fita, kuma lauyoyin hukumar ba da agajin shari'a kyauta suna zagaya su, ana iya bi ta wajensu. Red Cross ma tana da sashen haɗa iyalan da rikici ya raba, ba a biyan ko kwabo. Amma a fara da zaren da ke hannu tukuna.

Abban Ummi: Jama'a na dawo, kwana tara ke nan. Baba Rijistara, Allah ya biya ka da aljanna. Na buɗe akwatin ƙarfen Baba, ƙarƙashin takardun haraji da rasit ɗin NEPA na samu sammaci an ninke shi huɗu, har ya fara yagewa a kan ninkin. Ba na Yaya ba ne, na Baba ne, an kira shi shaida. Da lambar ƙara a sama, 2011.

Na je kotun ranar Litinin. Rijistaran ya karɓi takardata ya ce in dawo Laraba. Laraba aka ce mai riƙe da makullin sito ya tafi jana'iza. Alhamis na koma da sassafe. Siton ɗaki ne guda mai taga ɗaya, fayil ɗaure da igiya tun daga ƙasa har kusa da rufi, kowane ɗauri an rubuta shekararsa a kwali da maka, na ƙasa sun sha damshi sun manne kamar waina. Wani yaro ya cire rigarsa ya rataye a ƙofa ya hau benci. Mun fi awa biyu. Da ba don lambar ba da ba za mu same shi ba har abada, don a rajista an gajarta sunansa na farko, an kuma sa masa sunan kakanmu a madadin na Baba, da wani irin rubutun boko da ni kaina ban gane shi ba ne.

Baba Rijistara: Alhamdu lillahi. Wannan matsalar suna ita ce ta fi ba mu wahala. Muhammadu ɗaya sai ka gan shi iri biyar, Mamman, Moh'd, Mohammed, wani ma da sunan garinsu. Me ka gani a ciki?

Abban Ummi: Abin da na gani ya hana ni barci, Baba. Ƙarar cin amana ce kamar yadda ka ce, mai motar ya ce Yaya ya riƙe masa balas na wata uku. An gurfanar da shi, an ba da beli a ranar, amma takardar belin sai bayan kwana goma sha tara aka sa mata hannu. Kwana goma sha tara yana tsare ba wanda ya je. Mu a gida an ce mana ya yi tafiya Legas. Na tambayi Inna da daddare, ta yi shiru, can ta ce Baba ne ya rantse ba zai je ba, ya hana kowa zuwa, wai ya ja masa abin kunya a unguwa. Daga baya aka yi sulhu, aka biya kuɗin kashi uku, aka rufe ƙarar. Wanda ya tsaya masa wani mai sayar da kayan gyaran mota ne a Dilimi, ba danginmu ba ne, ban taɓa jin sunansa ba. Hotonsa na nan manne, da hula zanna.

Gwaggon Yara: Innalillahi. Allah sarki. Ruwa ba ya tsami banza.

Maman Sadiq: Ka gani ko? Ba ɓata ya yi ba, tafiya ya yi. Don Allah in ka samu mai belin nan kada ka matsa masa ya ba ka lamba. Ka ba shi taka.

Ɗan Terminus: Hajiya wannan kuma ya yi yawa. Mutum ya bar mata da yara biyu shekara goma sha uku, ko sabulu bai aiko ba, sannan a ce sai an lallaɓa shi? Fushi da uba daban, yaran me suka yi masa? Ni da ni ne, kotu zan sa ta buga sanarwa a jarida, in bai zo ba a raba.

Barista Ta Rikkos: Ana yin hakan, in an kasa kai wa mutum sammaci hannu da hannu kotu tana iya ba da izinin a liƙa a gidan da aka san shi na ƙarshe ko a buga a jarida. Amma wannan yana sa shari'a ta ci gaba ne kawai, ba ya cinye rabonsa. Kashi 14 ɗin nan, in yana raye ranar da Baba ya rasu, nasa ne ko ya zo ko bai zo ba. Maganar yara kuma haƙƙi ne daban, uwarsu ce ke da ikon nemansa, kuma in rabon ya tabbata nasa ne tana iya roƙon kotu a ciyar da su daga ciki.

Malam Na Layin Masallaci: Haka yake. Kuma Ɗan Terminus, ba mu ji ta bakinsa ba tukuna.

Abban Ummi: Na je Dilimi jiya. Shagon yana nan amma ɗansa ne a ciki, tsohon ƙafa ta hana shi fitowa. Yaron ya ƙi nuna min gidan sai da na je da mai unguwarmu, wanda ya san mai unguwarsu. Muka same shi a zaure kan buzu, da rediyo a gefe. Na miƙa masa kwafin takardar belin, ya daɗe yana kallon hoton kansa, ya ce "lokacin ina da haƙora." Ya ce ya san inda Yaya yake, yana raye, duk sallah yana kiransa, kuma tun 2014 yake turo wa yaran kuɗi ta hannunsa, shi yake kai wa kakarsu ta wajen uwa a kan kada a faɗa mana. Ya ce ya yi masa alkawari ba zai ba kowa lambarsa ba, kuma ba zai karya alkawari da furfura ba. Na rubuta tawa a bayan takardar na bar masa.

Ɗan Terminus: To na janye maganar sabulu.

Baba Rijistara: Ya san Baba ya rasu?

Abban Ummi: Bai sani ba sai jiya. Tsohon ma bai ji ba, ba ya fita. Yaya ya kira ni ƙarfe sha ɗaya da rabi na dare da ɓoyayyar lamba. Na ɗauka na ji an yi shiru, sai ƙarar janareta a bayansa. Ya ce "Auta ne?" Rabon da a kira ni haka tun ina sakandare. Bai tambayi gida ba, bai tambayi kuɗi ba. Ya tambaya wa ya yi wa Baba wanka, a wace maƙabarta aka sa shi, ko ya bar bashi. Na ce masa akwai maganar gado, ya ce ya ji, a ba shi lokaci. Na ce yana ina, ya ce ba nisa. Minti huɗu duka.

Barista Ta Rikkos: Alhamdu lillahi. In ya sake kira ka gaya masa ba dole sai ya zo an gan shi a unguwa ba. Zai iya wakilta wanda ya yarda da shi a rubuce, ya sa hannu gaban kwamishinan rantsuwa a kotun da ta fi kusa da shi, a kawo takardar gaban alƙalin da zai raba. In ma yafewa zai yi ko ya bar wa 'ya'yansa, a rubuce za a yi, kada a karɓi "na bar muku" ta waya.

Malam Na Layin Masallaci: Da shaidu biyu adilai da suka san fuskarsa. Tsohon nan na Dilimi in zai iya, shi ne na farko. Kuma a fara biyan bashin mamaci kafin a taɓa komai, tunda shi da kansa ya tambaya.

Abban Ummi: Akwai bashin dubu tamanin na mai hatsi, mun biya tun sadakar bakwai. Zan faɗa masa. 'Yan'uwana mata sun yarda a dakatar da mai saye zuwa bayan babbar sallah.

Ɗan Terminus: Baba Rijistara, tunda abin haka ne, akwai wata shari'ar rumfa da mahaifina ya yi kafin gobarar kasuwa ta 2002. Ba mu da sammaci, ba mu da lamba, sunan wanda suka yi da shi kawai na sani.

Baba Rijistara: Kai da ka ce gara ta ci? Ka zo gida bayan la'asar, ka taho da sunan da shekarar da kake zato, da wadda ke gabanta da wadda ke bayanta. Ka kuma zo da tabarau, rubutun rajistar wancan lokacin ƙanana ne.